Mijin ƙanwata ya shaƙe ta: akwai odar kotu a Kaduna da za ta hana shi zuwa inda take?

Tambayar ta zo mini ne daga wani bawan Allah a nan cikin garin Kaduna, ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce ƙanwarsa shekara bakwai ke nan da aurenta a Rigasa, 'ya'yansu uku, kuma duka ya zama abincin yau da gobe a gidan. Sau uku tana yaji ana biko. Sau ɗaya har caji ofis aka je, mijin ya rubuta takardar alkawari cewa ya daina. Makon jiya ya shaƙe ta, sai da maƙwabta suka ɓalle ƙofa. Yanzu tana gidan mahaifiyarsu a Unguwar Sanusi, shi kuma kullum bayan isha'i yana ƙofar gida yana zage-zage, yana cewa sai ya kwashe yaransa. Ita ba ta ce a raba auren ba tukuna, tsoro ne ya cika ta. Ya ji a rediyo ana maganar wata takardar kotu da ke hana miji kusantar matar da yake cuta. Shin akwai ta a Kaduna, ta yaya ake samunta, kuma ba ta ci karo da addini ba?

Malam, Allah ya ba ta lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri da ka tsaya mata. Akwai wannan takarda a Kaduna. Mu lauyoyi muna ce mata odar kariya. Amma kafin in shiga maganar doka, bari in tsaya a kan kalma ɗaya daga cikin saƙonka, domin ita ta fi tayar mini da hankali, wato shaƙewa.

Duk wanda ya daɗe yana aiki da matan da ake duka ya san shaƙewa daban take da mari ko naushi. Mutumin da ya sa hannu a maƙogwaron mace ya matse, ya riga ya nuna mata cewa ranta yana hannunsa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya gano cewa macen da abokin zamanta ya taɓa shaƙewa, haɗarin a ƙarshe ya kashe ta ya ninka kusan sau bakwai a kan wadda ake duka ba a shaƙe ta ba. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah a ofis, ana tsakiyar zafin Afrilu amma ta naɗe mayafi har haɓa. Muryarta ta dishe, ruwan da na ba ta da ƙyar take haɗiya, tana runtse ido. Sai da muka yi kusan rabin awa sannan ta sassauta mayafin, ga shatin yatsu huɗu a gefe guda, babban yatsa a ɗaya gefen. Abin da ta fara ce mini shi ne, «Anti, ai bai ji mini ciwo ba, jini bai fita ba.» Haka da yawansu suke ɗauka. Alhali kumburin cikin maƙogwaro yana iya tasowa bayan kwana ɗaya ko biyu, kuma illar tana iya zama a ciki ko da babu tabo a waje. Saboda haka ƙanwarka asibiti za ta fara zuwa, ko da ta ce ta warke. Lafiyarta ce dalili na farko. Na biyu kuma, rahoton likita shi ne ƙashin bayan duk abin da za mu kai gaban alƙali.

To, ita dokar. A watan Mayun 2015 shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Sai dai ƙarfinta a Abuja ya tsaya, domin a tsarin mulkinmu na 1999 galibin laifuka irin waɗannan hurumin majalisun jihohi ne. Kowace jiha sai ta yi tata. Legas ta riga kowa nisa, tun 2007 take da dokar kariya daga cin zarafi a cikin gida, Ekiti ta yi tata a 2011. Kaduna ta yi dokarta ta VAPP a 2018, zamanin Malam Nasir El-Rufa'i, tana cikin jihohin Arewa na farko-farko, tun kafin gwamnoni su taru a watan Yunin 2020 su ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe da cin zarafin mata, abin da ya zaburar da sauran jihohi. Dokar Kaduna sawun ta tarayya ta bi, har da tanadin odar kariya. Don haka zan bayyana maka tsarin kamar yadda uwar dokar ta shimfiɗa shi daga sashe na 28 zuwa na 36, lauyan da zai riƙe maganarku kuma da lambobin sassan dokar jiha zai rubuta takardunsa.

Abin da ya kamata ka fara fahimta, ka kuma fahimtar da Hajiya da kawunnanku, shi ne odar kariya ba saki ba ce. Igiyar aure tana nan yadda take. Ba kuma hukuncin ɗauri ba ne, ba a kai mutum gidan yari don an ba da ita. Umarni ne daga alƙali zuwa ga mutum ɗaya cewa ga abubuwan da aka hana ka yi daga yau. Na nanata wannan ne saboda abin da ke hana mata da yawa zuwa kotu shi ne tsoron a ce sun kashe aurensu da hannunsu, ko sun ɗaure uban 'ya'yansu. Ƙanwarka tana iya karɓar odar yau, ta zauna wata uku ko shida hankalinta ya dawo jikinta, sannan ta yanke abin da take so da rayuwarta ba tare da wani yana dukan ƙyaure da dare ba.

Alƙali yana da faɗin hannu sosai a kan abin da zai rubuta a ciki. Zai iya hana mijin sake taɓa ta ko yi mata barazana. Zai iya hana shi turo wani ya yi masa aikin, kuma wannan yana da muhimmanci a wurinmu, domin sau da yawa ƙannen miji ko abokansa ake turowa. Zai iya hana shi zuwa gidan da take zaune, da wurin aikinta ko sana'arta. In gida ɗaya suke, zai iya hana shi shiga gidan gaba ɗaya ko wani sashe nasa, ko ya hana shi korar ta daga ciki. Zai iya umartar 'yan sanda su karɓe makamin da ke hannunsa, su kuma raka ta ta kwaso kayanta. Zai iya sa shi biyan kuɗin gaggawa, kamar na magani da na ciyarwa. Game da yara, zai iya tsara yadda uban zai riƙa ganinsu, ko ya dakatar da ganin in hakan ne maslahar yaran. In kuma ta koma wani wuri da ba a so ya sani, ana iya roƙon kotu kada a rubuta adireshin a jikin odar.

Shawarata a nan, kada ku bari a rubuta roƙonku a dunƙule. «Kada ya cutar da ita» magana ce da kowa zai fassara yadda ya ga dama. A rubuta sunan layi da lambar gidan Hajiya. A rubuta sunan makarantar yaran, ta boko da ta Islamiyya. A rubuta kiran waya da saƙon WhatsApp. In tana sayar da kaya a kasuwa, a faɗi rumfar. Ɗan sandan da za a kira da ƙarfe goman dare ba shi da lokacin tafsiri, abin da ya gani a rubuce shi zai yi aiki da shi.

Wa ke da ikon nema? Ita da kanta. Amma dokar ta san wanda ake cuta ba kullum yake da ƙarfin tashi ba, shi ya sa ta buɗe ƙofa ga duk mai kishin lafiyarta: ɗan sanda, ma'aikacin lafiya, ma'aikacin walwalar jama'a, malamin makaranta, ko ɗan'uwa irinka. Sharaɗin shi ne ta ba da yardarta a rubuce, sai fa in ƙaramar yarinya ce, ko ba ta cikin hayyacinta, ko kotu ta gamsu ba ta da halin ba da yardar. To, Malam, a nan zan roƙe ka. Kada ka yi mata dole. Shekara bakwai ana yanke mata hukunci a kan jikinta da fitarta da kuɗinta. In kai ma ka zo da tsawa ka ce sai ta sa hannu, ko da niyyarka alheri ce, ranar da za ta tsaya gaban alƙali za ta iya cewa ita ba ta ce a kawo ƙara ba, shi ke nan magana ta rushe. Ka zauna da ita, ka karanta mata wannan amsar, ka bar ta ta yi tambayoyinta.

Yadda ake yi kuwa, lauya zai rubuta takardar roƙo, a haɗa da takardar rantsuwa inda za ta ba da labarin abin da ya faru, a shigar a rajistarar kotun da ke da hurumi. Saboda abu ne na gaggawa, alƙali yana iya duba takardun tun kafin a kira mijin, in ya ga alamar hujja cewa ana cin zarafi kuma jinkiri zai iya jawo ɓarna, ya ba da odar wucin gadi nan take. Sai a kai wa mijin odar tare da sammacin ranar da zai zo ya faɗi nasa. Ranar zaman, in ya zo a saurare shi, in an tabbatar takarda ta isa hannunsa ya ƙi zuwa, kotu tana iya ci gaba ta ba da cikakkiyar oda. Wannan sauraron haƙƙinsa ne a sashe na 36 na tsarin mulki, kuma ni ina ganin daidai ne. Doka ce ta kowa, namiji ma da matarsa ke cuta yana iya neman irin wannan kariya, kuma wanda ya yi ƙarya da gangan a takardar rantsuwa shi ma ya yi laifi. Don haka ta faɗi abin da ya faru tsaf, kada a ƙara gishiri. Gaskiyar da kuke da ita ta isa.

Inda na ga ana yawan yin tuntuɓe shi ne wajen kai takarda. Odar da ba ta isa hannun mutum ba, da wuya a kama shi da laifin saɓa mata. Ku bi sawun ma'aikacin kotun da zai kai, ku nuna masa gidan ko wurin aikin, ku tabbatar shaidar an kai ta shiga fayil.

Yanzu ga bambancinta da takardar alkawarin da ya rubuta a caji ofis, wadda ake ce wa andatekin. Waccan alkawari ce kawai. In ya karya, babu wani hukunci da ke bin karyawar ita kanta, sai dai a sake sabon ƙorafi daga farko, a sake zama, a sake ba da haƙuri. Odar kotu tana da haƙora. A tsarin dokar, lokacin da alƙali ya ba da ita yana haɗawa da takardar izinin kamu wadda aka jingine, tana jiran ranar da mutumin zai taka sharaɗi. Ranar da ya taka, ko bai taɓa kowa ba, tsayuwarsa a ƙofar gidan da aka hana shi zuwa ta zama laifi. A dokar tarayya hukuncin saɓa odar ya kai tarar naira 300,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Amma kada ku yar da waccan takardar alkawarin. Ku nemo kwafinta, domin mutum ba ya rubuta «na daina» sai in yana yi. Hujja ce da ya ba ku da hannunsa.

Tun da na ambaci hujja, bari in ɗan zauna a kanta, don a nan ake cin shari'a ko a faɗi. Rahoton likita na farko. Gwamnatin jiha tana da cibiyoyin Salama guda huɗu da na sani sosai: a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, da asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da asibitin Gambo Sawaba a Zariya, da asibitin Patrick Yakowa a Kafanchan. An kafa su ne don waɗanda aka yi wa fyaɗe da cin zarafi, kyauta suke aiki, akwai masu ba da shawara a ciki, kuma sun san yadda ake rubuta rahoton da kotu za ta karɓa. Daga Unguwar Sanusi, Tudun Wada ta fi muku kusa. Sai hotunan raunin, a ɗauka da haske, ɗaya daga nesa fuskarta ta fito, ɗaya daga kusa. Sai saƙonnin barazana da muryoyin da yake turowa, kada a goge ko ɗaya. Kada kuma a sayar da wayar ko a canza ta, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana buƙatar bayani a kan na'urar da aka ciro hujjar daga cikinta. Sai maƙwabtan da suka ɓalle ƙofa, a samu ko mutum ɗaya da zai yarda ya yi rantsuwa. Sannan ku sayi ƙaramin littafi na rubutu, duk daren da ya zo ƙofar gida a rubuta rana da lokaci da abin da ya faɗa da wanda ya ji. Alƙali yana girmama mai zuwa da kwanan wata fiye da mai cewa «kullum yana zuwa».

Ka tambaya ko wannan ya ci karo da addini. Ni Musulma ce, kuma na yi shari'o'in aure a kotunan shari'ar Musulunci na jihar nan, don haka da nutsuwa nake ce maka bai ci karo ba. Allah ya ce a zauna da mata da alheri, a sura ta 4 aya ta 19. Ya ce kada a riƙe su don cutarwa, a sura ta 2 aya ta 231. Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba. Kuma malamanmu na Malikiyya ba su bar maganar a wa'azi kawai ba, sun mayar da ita hukunci. A cikin Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda alƙalanmu ke buɗewa kullum, an ce in miji ya ƙetare iyaka alƙali ya tsawatar masa, ya kuma zaunar da matar a tsakanin mutanen kirki waɗanda za su ga abin da ke faruwa. An ce tana da haƙƙin a sake ta saboda cutarwa bayyananniya, ko da shaidu ba su tabbatar an maimaita ba. A Tuhfa ta Ibn Asim kuma an ce cutarwa tana tabbata da shaidu ko da labarin da ya bazu a tsakanin mutane. Ka duba da kyau: alƙali ya tsawatar, ya sa mace inda take da aminci, ya sa ido. Ruhin odar kariya ke nan, ɗaruruwan shekaru kafin a rubuta VAPP. Ko a al'adarmu, da can mace in ta gudo gidan mai unguwa ko gidan liman, miji ba ya isa ya tsallaka zaure ya jawo ta. Birni ya girma, kwarjinin zaure ya ragu, shi ne doka ta zo ta tsaya a gurbinsa.

Wani zai kawo muku aya ta 34 ta surar Nisa'i. Ko malaman da suka fassara ta da duka sun ɗaure ta da sharuɗɗa: ba mai ciwo ba, ba a fuska ba, ba mai barin tabo ba. Babu malami ɗaya da ya halatta shaƙe maƙogwaro. Ayar da ke bin ta kuma, ta 35, ita ce ta ce a naɗa mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Odar kariya ba ta rufe wannan ƙofa ba. Sulhun da ake yi mace tana karkarwa, mijin yana harararta daga gefen tabarma, sunansa kawai sulhu. In akwai oda, za ta iya buɗe baki ta faɗi abin da ke ranta.

Wani kuma zai ce ai dokar Penal Code ta yarda miji ya ladabtar da matarsa. Gaskiya ne tsohon kundin Arewa na 1960 yana da sashe na 55 mai irin wannan lafazi, amma ko shi ya cire duk abin da ya kai ga mummunan rauni, kuma rauni mai jefa rai cikin haɗari yana cikin mummunan rauni. Kaduna ta yi sabon kundin laifukanta a 2017, ta ƙara da VAPP a 2018, inda dukan abokin aure laifi ne mai sunansa. A dokar tarayya hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 3 ko tarar naira 200,000. Korar mace daga gida da ƙarfi laifi ne, barin mata da yara babu ci babu sha laifi ne, bibiyar mutum ana tsorata shi ma laifi ne. Ƙarar laifi hanya ce daban da odar kariya, ana iya bin su tare, ana iya fara da odar.

Maganar yaran. Barazanar «zan kwashe 'ya'yana» ita ce igiyar da aka fi jawo mata da ita su koma. A mazhabar Malikiyya reno haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, in uwar ta samu cikas kuma kakar wajen uwa ce ke biye, ba uba ba. Ciyarwa da tufatarwa da karatu suna wuyan uba duk inda yaran suke. Jihar nan kuma tana da dokar kare yara da walwalarsu ta 2018, wadda ke sa maslahar yaro a gaba. Ku sa maganar yaran cikin roƙon odar tun farko, ku kuma kai kwafi ga shugaban makarantarsu, ku faɗi sunan wanda kaɗai zai riƙa ɗauko su. In daga baya ta zaɓi rabuwa, kotun shari'ar Musulunci za ta je, kuma in cutarwa ta tabbata alƙali zai raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba. Mata da yawa suna biyan kuɗin hul'i alhali da hujjar da ke hannunsu ba sai sun biya ko sisi ba. Ga 'yan'uwanmu Kirista da suka yi auren rajista, Babbar Kotu ce ke raba aure, masu auren gargajiya kuma kotun al'ada, amma odar kariya ta kowa ce.

Ba zan ɓoye maka raunin abin ba. Takarda ba ta tare wuƙa. Kuma sanannen abu ne cewa lokacin da mace ta bar gidan, ko lokacin da sammaci ya isa hannun mijin, shi ne lokacin da haɗari ya fi tsanani, domin a nan yake jin abin da yake juyawa ya kuɓuce masa. Makon da za a kai masa takarda, in da hali ta kwana wani gidan da bai sani ba, ba gidan Hajiya ba. Kada ta fita ita kaɗai, ko zuwa chemist ɗin bakin layi. Kada ta yarda da «zo mu yi magana mu biyu», ko ya zo da kuka. A yi kwafin odar da yawa: ɗaya a jakarta cikin leda, ɗaya wurin Hajiya, ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya a kai wa DPO na yankin hannu da hannu a karɓi lambar wayar ofishin, a kuma ɗauki hotonta a waya. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce.

Zai yiwu ku je wani ofishin a ce muku «wannan maganar gida ce, ku je ku sasanta». Na sha jin wannan da kunnena, har na taɓa tsayawa a kanta ina karanta wa wani jami'i odar layi-layi kafin ya tashi daga kujera. In haka ta faru, ku nemi sashen da ke kula da mata da yara, ko ku nemi ganin babba, ko ku kira lauyanku. Dokar ta shekara da shekaru, amma har yanzu akwai jami'ai, har da wasu lauyoyi, da ba su taɓa ganin odar kariya da idonsu ba, kuma gidajen fakewa na mata sun yi mana kaɗan ƙwarai. Wannan yana ci mini rai. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun fuskanci cin zarafi daga miji, na duka ko na kwanciya ko na baƙar magana, kuma fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. Waɗanda suka nema kuma, galibi gidansu suka nufa. Ma'ana, kotun farko da mace ke kai kuka ita ce ɗakin mahaifiyarta da zauren yayanta. In a nan aka ce mata «koma, haƙuri ake yi», to ba za ta ƙara faɗa ba. Mutane sun ji labarin mawaƙiyar coci Osinachi Nwachukwu da ta rasu a Abuja a Afrilun 2022, sai bayan rasuwarta na kusa da ita suka fito suna ba da labarin cin zarafin da suka ce sun daɗe da sanin mijinta yana yi mata.

Haƙuri ibada ne, ban musa ba, kuma zo mu zauna zo mu saɓa ne, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Amma yaji uku da biko uku da takardar caji ofis sun nuna an yi haƙurin, abin kuma gaba yake yi. Nan da 'yan kwanaki za a turo dattawa biko na huɗu, da goro da ban baki. Ku karɓe su da mutunci, ku shimfiɗa musu tabarma, ku gaya musu maganar tana gaban alƙali. In wata rana ita da kanta ta ga ya gyaru tana son komawa, ana komawa kotu a roƙi a sassauta odar ko a janye ta, alƙali kuma zai so ya tabbatar ba matsa mata aka yi ba. Kada ta koma a ɓoye odar tana raye, hakan yana rikita komai ranar da za a sake buƙatarta.

Kai kuma, na san zuciyarka tana tafasa. Kada ka tara samarin unguwa a je a rama mata. Ranar da ka taɓa shi, kai za ka kwana a sel, shi ya zama mai ƙara, ita ta rasa mai raka ta kotu. Kada kuma a sa hotunanta ko sunansa a Facebook, hakan yana ba shi ƙofar ƙarar ɓata suna, ita kuma ya tona mata asirin da ba ta ce a tona ba.

Batun kuɗi, in babu halin ɗaukar lauya, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana da reshe a Kaduna kuma tana irin wannan aiki kyauta. Akwai hukumar ba da tallafin shari'a ta Legal Aid, akwai ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, akwai ma'aikatar jiha mai kula da mata da walwalar jama'a. Abin da zai fita daga aljihunka shi ne 'yan kuɗin rajista da rantsuwa da kwafe-kwafe da na mota, kuma duk abin da ka biya a kotu ka karɓi rasit. In akwai niyyar a kai ta wurin dangi a wata jihar, Kano ko Katsina, ku gaya wa lauyan tun ranar farko don ya san yadda zai tsara takardun.

Gobe da safe ka kai ta Tudun Wada a duba maƙogwaron. Ku tafi da wayarta, da katin asibitin da ta taɓa zuwa a baya in akwai, da wata mace da ta yarda da ita, domin akwai abin da ba za ta iya faɗa a gabanka ba. In kafin gari ya waye numfashi ya fara yi mata wuya, ko haɗiya ta gagara, ko ta fara ruɗewa, kada ku jira safiya.